IDON KAMERA: Tauraruwa ta karɓi kuɗin talla, 'yar kallo ta karɓi tabo

A zamanin kaset, in 'yar wasa ta yi tashe ba sai an faɗa ba. Za a ga fuskarta a kan fostoci tun daga Bata har Ƙofar Wambai, a ga hotonta a shagon aski da jikin motar haya, sannan ɗinkin da ta sa a fim ya zama yayi, 'yan mata su riƙa kai wa tela atamfa suna cewa a yi musu irin na wance. Yau ma'aunin ya sauya. Tauraruwar da ake yayi ita ce wadda masu kayan kwalliya ke layi a kanta. In mutum ya buɗe Instagram ko TikTok, da wuya ya wuce bidiyo goma bai ci karo da wata fuskar da ya sani a fim ba, ta ɗaga kwalbar mai ko sabulu, tana murmushi, tana rantsuwa cewa wannan ne sirrin fatarta. Sunan aikin ma na zamani ne, wai ita ambasada ce.

Babu laifi ɗan fim ya yi talla. Tun da can 'yan wasa ke tallar madara da omo da shayi da layin waya, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya sa filin nan ya tsaya a kan maganar a wannan watan shi ne, kayan da ake tallatawa yanzu ba irin waɗanda ake amfani da su a manta ba ne. Kaya ne da ke shiga fata, su ratsa jini, wasu har ƙoda. Kuma kafin a sayar wa mace kwalbar, sai an fara cusa mata tunanin cewa yadda aka halicce ta da sauran gyara.

Yadda tallar ke aiki

Duk wanda ya kalli irin waɗannan tallace-tallace guda biyar, ya kalli dukkansu, domin labarin ɗaya ne. Da farko a nuna hoton "da": mace a cikin duhu-duhu, ba hoda, ba fara'a, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Sai a nuna hoton "yanzu": fitila ta haske ta, ta sha kwalliya, ta kafa ɗauri, haƙora a waje. Daga nan jaruma ta fito ta yi kira ga Hajiyoyi da amare da 'yan'uwa mata, ta ce su garzaya, kwana bakwai kacal, ba bilicin ba ne, kayan itatuwa ne zalla, ainihin kalar mace kawai yake fitowa da ita. A ƙasa a rubuta lambar waya da farashi: ƙaramin set, babban set, set ɗin amarya, wani lokaci har da na yara.

Maganar nan ta "ainihin kala" ita ce ƙugiyar. Ma'anarta, launin da mace ta tashi da shi tun haihuwa ba nata ba ne, wani datti ne ya rufe farar macen da ke ciki. Yarinya 'yar shekara sha shida da ke jin wannan daga bakin tauraruwar da take mutuwar so, ba za ta tsaya muhawara ba. Madubi za ta ɗauka, ta fara ganin aibin da jiya babu shi.

Sannan duk wanda ya taɓa leƙa lokeshan ya san abin da kamera ke iyawa. Fitila guda in an saita ta daidai, sai ta share ƙuraje da tabo. Mai kwalliya kan shafe awa guda a kan fuska ɗaya. In an gama, edita ya zauna a gaban kwamfuta ya ƙara haske, ya rage duhu. A wayar hannu ma akwai filta da ke sirantar da hanci, ta ƙara girman ido, ta mayar da fata kamar ta jariri. Wato fatar da ake nuna wa 'yar kallo, ita kanta jarumar ba ta da irinta in ta tashi daga barci. Ƙari a kan haka, wata jarumar fara ce tun daga gida, uwarta fara, kakarta fara. Man bai ƙara mata komai ba, amma da farinta na gado ake sayar da shi ga wadda ba za ta taɓa zama haka ba sai ta ƙona kanta.

Ina aka samo "fara ko mayya ce"?

In za a yi adalci, ba 'yan fim ne suka ƙirƙiro son farar fata ba. Tun kafin a san kamera, Bahaushe na yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata. Samari na cewa fara ko mayya ce, ana dariya. Uwar miji kan tambayi 'yan ganin amarya ko fara ce, tun kafin ta tambayi halinta. Finafinan Indiya, waɗanda suka cika sinimomin Kano irin su Palace da Plaza da Orion shekaru da dama, su ma sun ƙara wa abin gishiri, domin da wuya a ga baƙar mace ta ja fim a can.

To amma da industiri ta tashi, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin rawa da waƙa da ya biyo bayan Sangaya, sai ta ɗauki wannan ra'ayi ta sa masa fitila. Mai karatu ya tuna finafinan da ya kalla. Wace ce ake ba rol ɗin 'yar Alhaji da samari ke faɗa a kanta? Wace ce ake ba rol ɗin 'yar aiki, ko 'yar ƙauye mai tallar fura, ko muguwar kishiya? Akwai baƙaƙen mata da masu wankan tarwaɗa da suka ja finafinai suka yi suna, babu musu, amma kowa ya san wadda furodusa ya fi saurin kira in ana neman fuskar fosta. Yarinyar da ta shigo industiri ta zauna wata shida a ofisoshin Zoo Road ba a sa ta a komai ba, ta ga ƙawarta ta yi haske an fara kiranta, ba sai an yi mata bayani ba.

Akwai wata hujja da daraktoci kan kawo, wai farar mace ta fi fitowa a kamera. A zamanin ƙaramar kamerar kaset da fitila ɗaya tal, akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in haske ya yi kaɗan, baƙar fuska kan nutse a duhu. Amma laifin na kayan aiki ne da rashin iya haska fuska. Matsalar ma tsohuwa ce. Shekaru da yawa kamfanin Kodak na Amurka na saita launin hotunansa da hoton wata Baturiya, shi ya sa baƙaƙen mutane ke fitowa kamar inuwa. Da masu sana'ar suka koyi aikinsu, sai ga Moonlight, wanda 'yan wasansa baƙaƙe ne, ya ci kyautar Oska ta gwarzon fim a 2017, ana yaba yadda aka haska fatarsu. Lupita Nyong'o 'yar Kenya, baƙa ƙirin, ta ci tata Oskar tun 2014. Ashe abin da ake buƙata shi ne mai fitila da ya san aiki. Maimakon furodusa ya kashe kuɗi a kan haske, sai aka bar 'yar wasa ta biya da fatarta.

Me ke cikin kwalbar?

Abin da ke sa fata duhu wani sinadari ne da jiki ke yi, ana kiransa melanin. Aikinsa kare fata daga zafin hasken rana, kamar lema. A ƙasar da rana ke dukan mutum tun hantsi har la'asar, wannan kariya ba ƙaramar ni'ima ba ce. Duk man da ke mayar da mace fara a cikin mako ɗaya ko biyu, wannan lemar yake yagawa. Kurkum da zuma da madara ba sa wannan aikin. Galibi ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ke ciki, ko ma duka ukun.

Na farko shi ne haidirokwinon. Magani ne na gaske, likitan fata kan bayar da shi na 'yan watanni don gyara tabo a wuri ƙayyadadde. In aka mayar da shi man shafawa na kullum, shekara da shekaru, sai ya juya. Kunci da goshi su yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi, kamar an goga gawayi, wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975, ƙasar kuma ta hana sa sinadarin a kayan kwalliya a 1990.

Na biyu su ne mayukan sitiroyid, irin na cikin ƙaramin bututu, waɗanda asalinsu maganin cututtukan fata ne masu tsanani. Masu haɗa mai kan matse su cikin roba su gauraya. Suna sa haske da sauri, amma suna cinye kaurin fata. Daga nan sai jijiyoyi kore-kore su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da ƙyasbi su samu wurin zama, gashi ya fito a haɓa. In ya ratsa jini, yana iya jawo ciwon suga da hawan jini. Ranar da aka zo yin tiyata, misali wajen haihuwa, fatar da ta yi laushi kamar takarda ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. Wani abin takaicin, wadda ta daɗe tana shafawa in ta tsaya rana ɗaya sai fatar ta yi bore, ta koma ta ci gaba. Shi ya sa mai son dainawa ya kamata ta ga likita ya sa ta a hanya. Mai sayarwa kuwa ya samu kwastoma ta har abada.

Na uku shi ne zaiba, wadda ake kira makuri. Guba ce da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta sa rawar hannu da mantuwa. Tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, tana maƙalewa a tawul da zanin gado, har miji da yara su samu rabonsu ba su shafa ba. Saboda bala'in da ta jawo a garin Minamata na Japan a shekarun 1950 aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 sunan garin, kuma Nijeriya na cikinta. A taron 2023 ƙasashen suka amince a hana sa zaiba a kayan kwalliya kwata-kwata daga 2025.

Girman matsalar fa? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata, Togo kashi 59, Afirka ta Kudu 35, Senegal 27, Mali 25. Ko da wani ya ce adadin ya yi yawa a raba shi biyu, abin da ya rage ma miliyoyin mata ne. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai, saboda tana ganin a dangi an fi son 'ya'yan da suka fi haske, yaran suka ƙare da ƙuna da tabo. A nan ne ya kamata duk jarumar da ke tallar "set ɗin yara" ta tsaya ta yi tunani.

Doka na nan, amma tana barci

Ba a rasa doka ba. Ƙa'idar hukumar NAFDAC ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma ce haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Maƙwabta ma sun motsa: Kwaddibuwa ta kafa tata dokar a 2015, Ghana a 2016, Kamaru ta hana shigo da irin waɗannan kaya a 2022. A ɓangaren talla kuwa, dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON, kuma ƙa'idarta ita ce duk talla sai an tantance ta kafin a sake ta, har da ta kafafen intanet.

Amma a je kasuwa a gani. Ana haɗa mai a shago, a bokiti, a gaban mai saye, ta faɗi irin farin da take so a auna mata. A zuba a farar roba, a manna takarda mai kyau da hoton fure, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ba lambar rajista. Irin wannan roba ce ake kai wa tauraruwa ta ɗaga wa mabiyanta dubu ɗari biyar. In an tambaye ta me ke ciki, ba ta sani ba. To wanda bai san abin da ke cikin kwalba ba, da wane baki yake rantsuwa a kanta?

Darasi daga Indiya

Tunda daga Indiya aka kwaikwayo rawa da waƙa, ba laifi a kwaikwayo darasin da suka koya. A 1975 aka fito da man Fair & Lovely a can. Shekaru da dama tallarsa labari ɗaya take bayarwa: baƙar yarinya ta rasa miji ko aiki, ta shafa mai, ta yi fari, duniya ta buɗe mata. Manyan taurari suka shiga harkar. Shah Rukh Khan ya yi tallar Fair and Handsome na maza. Priyanka Chopra ta yi ta Pond's, daga baya a littafin tarihin rayuwarta na 2021 ta nuna nadamar abin da ta yi.

Amma a cikin industirin ne aka samu masu cewa a'a. Nandita Das ta shiga gangamin kare mutuncin baƙar fata a 2013, ta riƙa ba da labarin yadda masu kwalliya ke son ƙara mata haske in an ba ta rol ɗin mai ilimi ko mai kuɗi. Abhay Deol ya fito a 2017 ya soki abokan sana'arsa a fili. Rahotanni a 2019 sun ce Sai Pallavi ta ƙi karɓar rufi miliyan 20 na tallar man hasken fata. Hukumar kula da talla ta ƙasar ta hana nuna baƙin mutum a matsayin abin tausayi tun 2014. Dokar kare masu saye ta 2019 ta ba da damar cin tarar tauraron da ya yi tallar ƙarya, a kuma dakatar da shi daga yin talla. A 2020, bayan zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Amurka, kamfanin ya sauya sunan man zuwa Glow & Lovely. A ƙarshen 2024 wata kotun masu saye a Delhi ta ci kamfanin Emami, mai Fair and Handsome, tarar rufi miliyan 1.5 kan tallar yaudara, a ƙarar da wani mai saye ya shigar tun 2013.

Ba wai matsalar ta ƙare a Indiya ba, har gobe ana sayar da man da sabon suna. Abin lura shi ne, a can tauraro ya san in ya sa fuskarsa a kan kaya, za a iya tuhumarsa. A nan gida ma an taɓa yin hayaniya: a 2017 tallar Nivea da aka yi da tsohuwar sarauniyar kyau Omowunmi Akinnifesi ta jawo suka a Nijeriya da Ghana, haka zuwan Blac Chyna Legas a 2018 don ƙaddamar da mai na dala 250. Beverly Naya ta Nollywood ta yi fim ɗin gaskiya mai suna Skin a 2019 kan wannan batu. Kannywood fa, wa zai yi nata?

Ita ma jarumar tana da ta cewa

Kada a ɗora mata laifin duka. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, masu satar fasaha sun gama da ita. Harkar ta koma YouTube da tashoshin talbijin irin su Arewa24, kuma abin da ake biyan 'yar wasa a fim mai dogon zango sau da yawa ba ya riƙe ta. Ga haya, ga iyaye da ƙanne, ga suturar da masu kallo ke sa ran gani, domin in ta maimaita leshi ɗaya sau biyu sai an yi da ita. Ba fansho, ba inshora, kuma tashe ɗan lokaci ne. In talla ɗaya ta minti guda za ta ba ta abin da fim uku ba su ba ta ba, ba kowa ne zai iya kau da kai ba.

Za ta kuma iya cewa kwalliya ba haramun ba ce, kuma gaskiyarta. Lalle da kwalli da dilka da halawa da turaren wuta da humra, duk gyaran jiki ne da mata suka gada, musamman daga Barno da Sudan, amarya kuma ba ta shiga ɗaki sai an gyara ta. Sai dai akwai iyaka. Dilka na goge fata ta yi sheƙi, baƙa ta fito a baƙarta mai kyau. Ba ta ce wa mace launinta cuta ne. Tallar da ke cewa ga abin da zai tsabtace fata, daban take da wadda ke cewa miji zai yi kishiya in ba a yi fari ba. Ta biyun tsoro take sayarwa, kuma ta san inda ke yi wa mace ciwo.

Maza ma kada su noƙe. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da mijin da ke kallon jarumar fim yana yi wa matarsa gori, da furodusan da ke cewa yarinya ta je ta ɗan gyara jikinta kafin a sa ta, duk suna da hannu. Haka masu kallo. Jaruma ta sa hotonta ba kwalliya, sai a cika ƙasan hoton da wayyo ta yi baƙi, ta lalace, ko ba ta da lafiya ne. In ta yi bilicin kuma, su ne dai za su dawo suna cewa fuska Fanta ƙafa Coke. To ina za ta sa kanta?

Ba fata kaɗai ba

Kasuwar ba ta tsaya a launi ba. Siririya a ce mata ga maganin ƙiba da na ƙarin ƙugu da ƙirji. Mai jiki a ce mata ga shayin rage tumbi. Kowace mace dai sai an samo mata abin da ta rasa. Ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, sitiroyid ce ita ma. Kumburin da take sawa ba lafiya ba ce: fuska ta yi zagaye, ruwa ya taru a jiki, ƙashi ya yi rauni, suga da hawan jini su biyo baya. Wasu ruwan maganin ƙiba kuma asalinsu maganin ƙaiƙayi da mura ne masu buɗe ciki da sa barci, kuma suna iya taɓa hanta. Yawancin shayin rage tumbi gudawa da yawan fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ne ke tafiya, kitse na nan. Ga kuma allurar hasken fata da ake yi wa mata a shagunan gyaran jiki, a hannun waɗanda ba su taɓa shiga ajin koyon jinya ba.

Mafita

Gyaran bai fi ƙarfin industiri ba. Kafin jaruma ta karɓi kuɗin talla, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ta yi wa mai kaya. Shin kayan na da rajistar NAFDAC ta gaskiya? An rubuta abin da ke ciki a jikin kwalbar? An tantance tallar? Ita kanta za ta yarda ƙanwarta ko 'yarta ta shafa? In amsa ɗaya ta zama a'a, ta ce Hajiya a yi haƙuri, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. In kuma ta karɓa, ta faɗa wa mabiyanta cewa talla ce aka biya ta, kada ta ce tana amfani da abin da ba ta taɓa buɗewa ba, kuma ta kashe filta.

Ƙungiyar MOPPAN, wadda ta saba hukunta 'yan wasa kan abin da ya shafi ɗa'a, za ta iya fitar da ƙa'idar talla ga mambobinta. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta sha sa ido kan sutura da rawa. Tallar da ake cusawa a tsakiyar fim mai dogon zango ita ma ta cancanci a duba ta, domin illar man da ke kashe ƙoda ba ta gaza ta ɗan guntun gyale ba. Marubuta su daina sa wa 'yan wasa maganganun gori kan baƙar fata don a yi dariya. Daraktoci su ba baƙar yarinya rol ɗin likita da gimbiya da wadda ake rububi, su kuma biya mai fitila ya koyi haska ta. Fim ɗaya da ya yi kasuwa da irin wannan jaruma zai yi aikin da wa'azi ɗari bai yi ba, domin 'yan mata abin da suka gani a allo suke bi.

Ita kuma 'yar kallo, 'yar'uwa, a riƙa tuna cewa tauraruwa aikinta take yi, an biya ta, gobe wani kamfanin za ta ɗaga wa kwalba. In fata ta ƙone, ba ita za ta raka ki asibiti ba, lambar wayar nan ta ƙasan bidiyo ma ƙila a same ta a kashe. Wadda ta riga ta fara, kada kunya ta hana ta ganin likitan fata, tun kafin abin ya yi nisa. Wadda ba ta fara ba, ta riƙe kuɗinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Filin a buɗe yake ga duk jaruma ko furodusa ko mai sayar da kaya da ke da martani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.